Gyaren Iya

A Asabar ɗin farko ta dogon hutu, shekarar da na gama aji biyu na ƙaramar sakandare, ina zaune a gindin famfon gidanmu na Ƙofar Guga, na zuba wa bakinsa ido, ina jiyo ihun abokaina daga filin ƙwallo. Ruwan famfo ba shi da lokaci a unguwarmu. Yakan zo ba sallama ya ɗauke ba sallama, in kuwa aka rasa shi sai jigilar jarkoki daga burtsatsen bayan ganuwa. Baba yana kasuwa, Umma tana wurin aiki, gida daga ni sai kakata Iya. Tana iya jan tiyo daga randa zuwa duro sarai, amma kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin zuwan ruwan. Shi ya sa aka naɗa ni mai gadin famfo, kuma wallahi na tsani aikin nan.

A hutun ne yayana Nura, mai karatun lantarki, ya dawo da kwamfuta da wani ɗan allo shuɗi mai jerin ƙafafu, wanda ake rubuta wa umarni ya bi. Na nace masa har ya gaji ya koya min. Na rataya gwangwanin madara a bakin famfo, na zura wayoyi biyu ciki, yadda da ruwa ya haɗa su allon zai sani. Na farke mataccen agogon Umma na ciro abin ƙararsa, ɗan faifan tagulla kamar murfin kwalbar lemo. Baba ya duba tarkacen ya yi dariya, ya ce, "In Iya ta ji shi daga ɗakinta, na sallame ka."

Da na ba faifan wuta, ƙyas ɗaya ya yi ya yi shiru. Ashe sai an riƙa kunna ƙafar allon da ke ba shi wuta ana kashewa da sauri sannan yake rawa ya yi kuka. Na gyara umarnin, kuka ya fito, amma siriri kamar na sauro. Iya tana tsince shinkafa dab da shi ko kai ba ta ɗaga ba. "Maigida, mi kake yi da gwangwanina?" abin da ta tambaye ni ke nan. Ranar sai da na yi hawaye don takaici.

Nura bai taɓa min komai ba. Cewa kawai ya yi cikin wayoyin faifan biyu ɗaya nake sa wa aiki, ɗayar tana zaune a nagetif, ɓangaren da ba ya tura wuta, tana hutawa. Na yini ina juya maganar, sai na tuna masu yankan katako da dogon zarto, wannan ya tura wancan ya ja. Na cire wayar mai hutun na maƙala ta a ƙafa ta biyu ta allon, na rubuta cewa duk sanda ta farko ta kunna, ta biyun ta mutu, sannan su yi musanya.

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, famfo ya yi tari, ruwa ya zubo cikin gwangwani. Faifan nan ya tsala wata ƙara da ta watsa kajin tsakar gida. Na ƙame ina kallon labulen Iya. Sai ga ta ta fito tana gyara ɗankwali, ta sunkuya ta ɗauki tiyo. "Kashe min gyaren nan, maigida, na ji, ba kurma ba ce ni." Ko takalmi ban tsaya nema ba. Da gudu na isa fili, ina ihu tun daga bakin lungu, kuma ƙwallon duk hutun nan ba a sake buga ta ba ni ba.

Yanzu gidan yana da burtsatse da tanki, yaran yayana ba su san zaman jiran famfo ba. Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, amma har ta bar duniya in baƙi suka zo sai ta nuna musu gwangwanin ta ce aikin maigidanta ne. Na haɗa na'urori da yawa tun daga lokacin. Babu wadda aka yi min alfahari da ita kamar gyaren Iya.