Wushiryar Yakuba

Ina tashar Konni ina karɓar saƙo daga hannun direban Sakkwato, wayata ta yi ƙara. Zuwaira ce, matar Yakuba. Ta ce, "Malam Bawa, abokinka ya cika." Zazzaɓin kwana uku. Saƙon da ke hannuna ɗan kwali ne, haƙoransa ne a ciki.

Yakuba mai gyaran injin ban ruwa ne a Tsarnawa, tare muka tashi. Duk mai lambun albasa daga nan har Malbaza ya san shi, kuma da dariya aka san shi, don yana da wushirya. Zuwaira takan ce wushiryar ta aura, sauran jikin gyara aka yi mata.

Bara waccan hannun tayar da inji ya kuɓuce ya zubar masa da haƙoran gaba huɗu. Daga ranar ya koma naɗe baki da rawani. Ko a gida sai ya juya baya yake cin abinci.

Ni na raka shi wani asibitin haƙori a Sakkwato. Likita ya zagaya bakinsa da wani abu kamar alƙalami mai haske, sai ga bakin ya fito a kwamfuta yana juyawa. Ya zana sabbin haƙora a jere, ya ce na'ura za ta sassaƙa su daidai da zanen. Yakuba ya duba ya ce, "Likita, wannan bakin wani ne. Ina ƙofata?"

Ba mu da hotonsa yana dariya ko ɗaya. Mu mutanen ƙauye in za a ɗauke mu hoto fuska muke ɗaurewa. Sai likita ya juyo gare ni ya tambayi faɗin wushiryar. Na ce ashana ɗaya. Yakuba ya ce biyu.

Na ce, "Kai da ba ka taɓa mallakar madubi ba? Shekara arba'in ina kallonta."

Likita ya bi tawa.

Bayan sadakar bakwai na kai wa Zuwaira kwalin. Ta buɗe, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce a hankali, "Ta fi haka faɗi."

Ta rufe kwalin. Tun ranar, in na rufe ido don in ga dariyarsa, haƙoran kwalin nake gani. Tasa ta gaskiya ta ɓace mini, na rasa inda zan nemo ta.

Ranar Laraba kafin zazzaɓin ya kwantar da shi, Yakuba ya tsaya shagona a kan babur.

"Bawa, Asabar haƙoran za su iso. Ka karɓo min, kada ka buɗe. Zuwaira ce za ta fara gani, kuma a bakina."

"To, ango."

"In ta ce ba wushiryata ba ce, kai za ka yi mata bayani."

Na ce, "Ita ce mana. Je ka abinka."