Yadda Zacharie Ya Samo Ranar Laraba

Zacharie ɗan duwatsun Poli ne, a gonar mahaifinsa ya tashi. Hausa kuwa a kasuwa ya koye ta, wajen sayar wa fatake doya da zuma. Da ya gama sakandare sai ya gangaro Garwa neman aiki. Ya daɗe yana buga takardu a ofisoshi, har aka ɗauke shi a jami'a, aka ɗora masa aikin da kowa ke gudu: tsara jadawalin darussa, wane malami zai shiga wane aji, da ƙarfe nawa. Gajere ne, mai saurin tafiya, ga yawan dariya. Matarsa Honorine takan ce ko a coci idonsa na kan agogo.

Shekarar da aka naɗa Madam Kaltumi shugabar tsangayarsu, ta zo da sabon abu. Ta ce taron wata-wata ba na malamai kaɗai ba ne, ma'aikatan ofis da wakilan ɗalibai ma su zauna. A taron farko Dokta Thierry, mai koyar da ilimin ƙasar noma, ya miƙe da zafinsa.

"Madam, ina koyar da yadda ƙasa ke gajiya, amma a kan allo! Duk ranar da na nemi fita da yaran nan gona, sai a ce suna da wani darasi da rana."

Madam Kaltumi ta juya wajen Zacharie. "Misye Zacharie, za a iya samun yini guda a mako wanda babu darasi ko ɗaya?"

Wani irin daɗi ya kama Zacharie. Tun da ya fara aikin nan ba a taɓa tambayarsa abin da zai yiwu ba, sai dai a kawo masa ƙara.

"Za a samu, Madam, in kin ba ni izinin takura wa kowa."

"Na ba ka. Har da ni."

Laraba ya zaɓa, washegari ya fara bin ofisoshi. Wannan malami ba ya son darasin safe, wancan daga Ngawundare yake zuwa, ranar Laraba kaɗai yake da sarari. Zacharie ya roƙi wani da Faransanci, ya zolayi wani da Fulatanci har ya yarda. Ya goge, ya sake rubutawa, ya sake gogewa. Daga ƙarshe saura mutum ɗaya, Farfesa Yaya na sashen shari'a, mai darasi a tsangayarsu duk Laraba, wanda kowa ke shakka.

Farfesan ya saurare shi har ya gama, ya cire tabarau. "Zan saki Larabata, amma da sharaɗi. Nawa ɗaliban ma za su shiga motar zuwa gonar. Rikicin gona da burtali suke karantawa, su je su ji daga bakin masu shi."

Zacharie ya fito yana tafa hannu shi kaɗai a baranda, har masu wucewa suka tsaya kallonsa.

Larabar farko motar jami'a ta nufi garin Pitowa cike maƙil, ɗalibai na ta waƙa, Zacharie a kujerar gaba. Malam Hassan, shugaban manoman auduga na wata unguwa, ya tarbe su a bakin gona. Ya damƙo ƙasa ya nuna musu. "Ga ta nan, ta zama toka. Kullum ƙarin takin zamani take nema, amfanin kuwa raguwa yake."

Aka haƙa ramuka, aka zuba karan auduga da kashin shanu don su ruɓe su zama taki. Aka dasa itatuwan gawo a tsakiyar gonaki. Ɗaliban shari'a suka zauna ƙarƙashin tsamiya da manoma da makiyaya, muhawara ta yi zafi har Farfesa Yaya ya cire kwat. Ramin farko bai yi ba, don sun manta da ba shi ruwa. Malam Hassan ya yi musu dariya, suka tone suka sake. Madam Kaltumi kuma ta kai maganar majalisar tsangaya, aka amince aikin Laraba ya shiga makin jarrabawa. Daga nan ba wanda ya ƙara fashi.

Bayan damina Malam Hassan da kansa ya shigo jami'a a kan babur, da buhun masara daga gonar da aka zuba wa takin. A tsakar tsangaya aka gasa ta, aka ci a tsaye.

Ba a jima ba aka kira Zacharie ofishin shugaban jami'a. Sauran tsangayoyi sun ji labari, kowace na son nata yinin fita. Ya dawo gida da rana tsaka, yana magana tun daga ƙofa.

"Honorine! Duk jami'ar suka ba ni! Masu tattalin arziki kasuwa za su, masu ilimin ruwa bakin kogin Binuwai. Mota ɗaya ce, dole in raba ranakun."

"To, zauna ka ci abinci tukuna."

Ya zauna, ya yi loma biyu, ya ɗago kai. "Alhamis. Masu ruwa su ɗauki Alhamis."