Jan Saniyar Inna Saliha

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina dafa shayi a gefen rumfar Ɗanasabe mai zane, a bakin kasuwar Gidan Rumji, kuma ban taɓa ganin tafin hannunsa da launin da Allah ya halicce shi ba. Yau ja, gobe shuɗi. Matarsa Lantana ta daɗe da yanke masa hukuncin cin tuwo da cokali, tun ranar da ya mayar mata da miyar kuka ruwan ɗorawa.

Tun yana makarantar lakol zane ya hana shi karatu. Malami na lissafi a allo, shi yana zana hancin malamin a bayan littafi. Da aka gaji aka sallame shi, sai ya bi magina yana kwaɓa siminti, a can ya haɗu da garin kala, irin wanda ake zubawa a daɓe ya yi ja. Fentin gwangwani bai taɓa burge shi ba, wai wani ne ya riga ya yi maka tunani ya rufe da murfi. Shi gari yake saye ƙulli-ƙulli. Ya jiƙa ƙaro ya narke, ya tace da tsumma, ya riƙa ɗiga ruwan a kan garin yana murzawa da dutse har ya yi laushi kamar man shanu. In aikin waje ne ya bi shi da mai saboda ruwan sama. Rabin allunan shagunan garin nan hannunsa ne, har da shanun mahauta masu ƙibar da babu saniyar da ta taɓa yin irinta a ƙasar nan.

Mutumin kirki ne, amma akwai cika baki. Ni kuma aikina ke nan, in zuba masa shayi in rage masa iska.

Wata Alhamis bayan kaka wani makiyayi mai suna Bubakar ya zo daga rugarsu ta hanyar Gidan Sori, ya tsuguna ya jingine sandarsa. Ya ce mahaifiyarsa, Inna Saliha, tana da tsohuwar saniya ja mai suna Wule, wadda aka haifa a hannunta. Haƙoran saniyar sun ƙare, ba za ta kai ƙarshen rani ba. Ƴaƴan suna so su kai ta kasuwar Lahadi tun tana da sauran nama, tsohuwa ta kafe. An nuna mata hoton saniyar a wayar salula, ta ce ita ba ta ganin saniya a tafin hannu. Daga baya ta ce ta yarda, in za a bar mata Wule a jikin bangon ɗakinta. In ba haka ba, sai dai su zauna tare su kalli saniyar tana ramewa har ta faɗi.

Ɗanasabe ya yi dariya ya ce, “Saniya dai? Malam Bubakar, na zana ɗari. Gobe kamin azahar an gama.”

Ranar Juma'a da yamma ya dawo a kan motonsa mai ƙafa biyu, ya zauna a bencina bai ko yi sallama da ƙarfi ba. Sai da ya sha kofi biyu ya buɗe baki. Ashe shi da katako da siminti ya saba, bai taɓa aiki a bangon laka ba. Ya shafa ja mai kyau, bango ya shanye, kafin a sauko daga masallaci saniya ta koma kalar hodar amare. Inna Saliha ta matso, ta ƙanƙance ido, ta ce masa, “Kaɗo, wagga ta mahauta ta. Tawa tana waje, ko kallonta ba ka yi ba.”

Na yi dariya har da ƙwalla, ba zan ɓoye ba. Amma da na ga yana ta kallon yatsunsa, sai tausayinsa ya kama ni.

Asabar da sassafe ya tsaya a kaina da buhu a kafaɗa. “Tashi ka ɗauko murhunka,” in ji shi. Na ce, “Mi za ka yi da murhuna?” Ya ce, “Ƙasa za mu toyawa.” Ya riga ya je bakin gulbi ya haƙo jar ƙasa, domin jan kasuwa ya cika haske, na saniyar kuwa ja ne mai duhu irin na goro da ya sha iska. Na rufe tebur na hau bayansa, murhu a cinya.

A ruga na hura gawayi, ya zuba ƙasar a kasko yana juyawa, tana ƙara duhu a gaban idonmu. Ya daka, ya tankaɗe da mayafin matar Bubakar, ya haɗa da ƙaro. Wannan karon bai doshi bango ba. Ya samo ɓaraguzan busasshiyar laka irin ta ginin, ya shafa wa kowanne haɗinsa dabam, ya jera su a rana, in ɗaya ya bushe ya ɗauka ya kanga a haƙarƙarin Wule ya ja da baya yana kallo. Na farko ya yi haske. Na uku ya yi baƙi. Na biyar ba mu san yadda ya yi ba, domin Wule ta juyo ta lashe shi tas, ta kuma bi hannunsa tana neman ƙari. A nan ne na fara jin dariyar Inna Saliha, wadda ke zaune a inuwa tana kaɗa nono kamar ba ruwanta da mu.

A na bakwai ta miƙo hannu, aka ba ta. Ta kai shi dab da ido, ta dubi saniyar, ta ajiye a gefen ƙwaryarta. Ɗanasabe ya ɗauki kwanon wannan haɗin ya nufi ɗaki.

Ya kankare aikin jiya, ya fara shafe bangon da tsinkakken ruwan ƙaro don ya ƙoshi kada ya sake shanye masa kala. Sa'annan ya sa aka ɗaure Wule a ƙofar ɗaki, yana leƙe yana zane. Da ya zo wajen ƙashin ƙugu da haƙarƙari sai hannunsa ya tsaya, ya ce, “Inna, in ɗan cika ta kaɗan?”

Ta ce, “Sa su yadda suke. Ni na san inda ta samo su.”

Da la'asar ya gama, amma ɗanyen zane ya yi duhu ƙwarai, ba mai iya cewa ga yadda zai bushe. Haka muka baro shi muka dawo gari.

Lahadi ranar kasuwa ce, ranar da ban taɓa barin teburina ba. Na bar shi. Muka isa rana na ɗagowa, Bubakar na tsaye da igiya a hannu, bai yi gigin sa wa saniyar ba. Inna Saliha ta shiga ɗaki ita kaɗai, mu muna leƙe daga ƙofa. Bango ya bushe, ga Wule nan tsaye da ramarta da komai. Tsohuwar ta daɗe a gabanta. Ta ɗora tafin hannu a wuyan zanen, ta shafa har zuwa baya, yadda ake yi kafin tatsa.

Ba ta juyo ba ta ce, “Bubakar, tahi da ita. Kada ka doke ta a hanya.”

Ya sa igiya suka kama hanya, tsohuwar ba ta fito ba. Ɗanasabe ya fara tattara kwanoninsa a hankali, sai ta kira shi.

“Kaɗo, kai da mai shayinka ku zo ku kama mini gadon ga. Ku juya shi ya dubi bangon ga.”