Mai Gadin Garin 'Yan Brazil

Wani ɗan Angola da muke haɗa kwantena a unguwar Xiaobei ta Guangzhou ne ya jefa ni cikin wani wasan yaƙi na waya. Sabar, wato dandalin wasan, ta 'yan Brazil ce, kowa Fotugisanci yake yi, ni kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Ƙungiyarsu ta gina gari a ciki, da ganuwa da rumbuna, kullum suna yaƙi da wata ƙungiya.

A fagen daga ba ni da amfani. Kafin harbina ya tashi daga Guangzhou ya isa can, an kashe ni har an watse. Amma lokacin da suke sharar barci, ni rana ce tsaka a wurina, sai suka naɗa ni mai gadi. Shugabarmu, wata ma'aikaciyar jinya, duk ta farka sai ta turo min saƙon murya na godiya. Ba na jin abin da take cewa, amma nakan saurara har sau uku. A garin da ba mai tambayar yadda na kwana, saƙon nan yana min daɗi ƙwarai.

Sai abokan gaba suka gano lagona. Duk Juma'a ina ɓacewa in tafi Masallacin Huaisheng. Ina cikin sahu, su suna kwashe mana rumbuna. Da abin ya yi yawa, shugaba ta aiko ɗan Angola: ko in gyara, ko a nemi wani.

Salla dai ba zan bari ba, gadin ma haka. Sai na tuna da dattijuwar da nake sarin wandunan jins a shagonta, Lawban kamar yadda ake kiran mai shago a nan, wadda kullum hannu ɗaya na kan kalkuleta, ɗaya na kan wasan waya. Na miƙa mata wayata.

"Lawban, duk wanda ya zo ƙofar nan, ki danna nan."

Ta gyara tabarau. "Kowa da kowa?"

"Kowa da kowa."

Na dawo daga masallaci na tarar ta karkashe su, ta bi su har garinsu ta cinna wuta. Na ja bakina na yi shiru, na karɓi yabo. Makonni ina hura hanci, 'yan Brazil na mamakin yadda Juma'a ke mayar da ni zaki.

Ranar da asirina ya tonu, yatsanta ne ya taɓa makirufo. Waɗanda hayaniya ta tasa suka ji jaruminsu yana yi wa kwastoma masifa da muryar tsohuwa. Ba su kore ni ba. Dariya suka sha, suka buɗe mata nata gurbin, ni aka mayar da ni saran itace.

Yanzu ita ake turo wa saƙon. Takan kunna min a shago.

"Me take cewa?"

Nakan karɓi wayar in saurara har ƙarshe, sannan in ce, "Cewa ta yi ki gaishe ni."