Inna Mai Keke ta Ƙasan Otal

Ɗakin ɗinkin otal ɗinmu yana can ƙasa, tsakanin ɗakin wanki da inda ake jibge karyayyun kujeru. Ba shi da taga. Keken ɗinki ɗaya ne a ciki, da teburin guga, da dogon ƙarfe da aka rataye rigunan ma'aikata sama da ɗari uku, kowace da lambar mai ita a wuya. A nan Inna Mai Keke ta yi shekara ashirin da shida.

Ta zo ne bayan rasuwar mijinta, da 'ya'ya uku ƙanana. Shi ma tela ne, a wurinsa ta koyi yanka. Gyaran labule na mako biyu aka ɗauke ta. Labule ya ƙare, sai wandon mai gadi ya yage, sai maɓallin kuku ya cire, a haka ta zauna. An sayar da otal ɗin sau biyu, har ya faɗa hannun wani babban kamfani mai otal-otal a ƙasashe da dama. Manajoji tara sun zo sun tafi. Inna takan ce ba ta riƙe sunayensu duka ba, amma faɗin kafaɗar kowanne yana kanta.

Ni mai kai abinci ce a ɗakin cin abinci na sama. Ranar da na fara aiki aka tura ni wurinta awo. Ta zagaya tef a ƙuguna, ta leƙo ni ta saman gilashinta ta ce, "'Yar nan, hala iska ce ta kawo ki? Bari in sa miki duwatsu a aljihu." Tun daga ranar na zama 'yar ɗakinta.

Ba abin da ke ɓoye wa tef ɗin Inna. In wando ya fara yi wa mutum yawa, sai ta aika a kira shi, ta turo ƙofa ta tambaye shi lafiya. A haka ta matsa wa wani direbanmu sai da ya je asibiti, ashe ciwon sukari ke cinsa.

A shekarata ta biyu hedikwata ta turo sabuwar shugabar ma'aikata. Mako bai zagayo ba muka laƙaba mata Madam Agogo. Komai ta yanka masa lokaci: taron safe minti goma a tsaye, gyaran ɗakin baƙo minti ashirin da biyar, har murmushi sai da aka koya mana a gaban madubi. Ba ta tsawa, ba ta zagi. Wani ƙaramin littafi kawai take fiddowa ta yi rubutu, kuma wannan ya fi tsawa tayar mana da hankali.

Lokacin ina da ciki wata uku, kwantiragina na shekara-shekara ne, kuma an rufe masana'antar da mijina ke aiki. Kafin zuwan Madam, mata biyu sun kai maganar cikinsu ofis, ba a sabunta musu aiki ba. Don haka na ja bakina na yi shiru. Da siket ya fara matse ni, na kai wa Inna na ce zip ne ya lalace.

Ta ja shi sama, ta ja shi ƙasa. Ta ce, "Zip ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Wata nawa?"

Sai kawai na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta miƙo min wani guntun yadi na share fuska, ta ɗauki almakashi. Duk bayan mako biyu nakan sauko ta warware ɗinki ta saki kaɗan. Da yadin ya ƙare ta yanko daga tsohon siket ta ƙara, ta kuma faɗaɗa ƙyallen da muke ɗaurawa a gaba. Ban san abin da ta gaya wa Dogo abokin aikina ba, amma daga ranar duk tire mai nauyi shi ke riga ni ɗauka, yana cewa wai motsa jiki yake yi.

Asiri ya tonu ne wata safiya da manyan kamfani za su kawo ziyara. Kwat ɗin Madam ta maƙale a hannun ƙofa ta yage a hammata, sai ga ta ta sauko ɗakin ɗinki, karo na farko tun zuwanta. Ta tarar da ni a tsaye, riga a ɗage, Inna a tsugune tana gwada min siket.

"Me ake yi a nan a lokacin aiki?" in ji ta.

Inna ta miƙe a hankali, gwiwarta na ƙara. Ta ce, "Ranki ya daɗe, cire kwat ɗin ki zauna. Minti bakwai." Ta hau keke ta fara takawa, ba ta ɗago kai ba ta ci gaba. "Yarinyar nan ciki gare ta, wata shida. Ni na ɓoye ta. In akwai wadda za a rubuta a littafin nan, ni ce."

Madam ta juyo ta dube ni. "Me ya hana ki zuwa ofis? Dokar kamfani ta ba ki hutun haihuwa."

Inna ce ta amsa. "Dokar tana can sama a cikin takarda. Mu nan ƙasa abin da muka gani shi ne mata biyu sun hau da ciki, ba su dawo ba. Ga rigunansu can a ƙarshen ƙarfe, na hana a ba kowa."

Madam ta tashi ta je ta juya wuyan rigunan, ta kwafi lambobin. Ta daɗe a tsaye a wurin. Da ta dawo ta jawo kujerar da ta tashi a kai ta ce min, "Zauna. Tun ƙarfe nawa kike tsaye?"

Inna ta gama, ta riƙe mata kwat ta zura hannu. Tana cire guntun zare a kafaɗarta ta ce, "Ke ma kin faɗa, 'yata. Da kika zo ba haka kwat ɗin nan take miki ba. Yaranki suna ina?"

Na ɗauka Madam za ta ɓata rai. Sai na ji ta ce da ƙaramar murya, "Suna wurin mahaifiyata. Wata biyar rabona da su."

"To, ki nemi hutu. Otal ba zai rushe ba."

Washegari aka mayar da ni teburin karɓar baƙi a ƙofar ɗakin cin abinci, inda akwai kujera. Aka sabunta min kwantiragi, na haihu na dawo. Cikin matan nan biyu an samo ɗaya ta koma bakin aikinta, ɗayar ta riga ta bar gari. Madam ba ta daina duban agogo ba, taron safe ma bai ƙaru da ko minti ɗaya ba. Amma duk ranar Alhamis takan sauko da kofi biyu na shayi, ta zauna a kan tarin labule, su yi ta hira.

Bayan shekara biyu hedikwata ta yanke shawarar ba wani kamfani na waje ɗinkin kayan ma'aikata. Madam ta rubuta wasiƙa uku, ba a saurare ta ba. Ita da kanta ta sauko ta faɗa wa Inna, kuma Inna ce ta ƙare da lallashinta. A walimar sallama babban manaja ya karanta jawabi ya ce ta yi shekara ashirin tana hidima. Ɗakin ya ɗauka baki ɗaya, "Da shida!" Inna ta yi dariya har sai da ta cire gilashi.

Yanzu tana gidan babbar 'yarta, tana ɗinka kayan yara a baranda. Nakan je da ɗana ranar hutuna. Sai ta tambaye ni kowa ɗaya bayan ɗaya: wa ya yi aure, wa aka ƙara wa girma, Dogo ya daina shan taba ko har yanzu. Hannunta na nan da ƙarfinsa, idon ne ya fara gajiya. Kafin in tafi nakan zura mata zare a allura goma, biyar fari biyar baƙi, in soka su a jikin matashin kujerarta, su ishe ta har in dawo.