Simintin da aka shafa wa bargarmu

Ƙarfe bakwai da kwata na safe, ranar Asabar, mu uku ne a ƙofar bargar kakanmu a Daddara: ni, da ƙanena mai kai albasa Maraɗi, da wani tsohon magini maƙwabcinmu.

Bargar ta ƙasa ce, rufinta na azara, da turke biyu a ciki. Doki ya ƙare a gidanmu tun ina saurayi, yanzu jakuna ke kwana a wurin. Da rani ƙanena ya shafe bangon da siminti bai tambaye ni ba, wai haka ya gani a birni. Ruwan farko da ya sauka, simintin ya ɓamɓaro, ya tafi da ƙasar bangon. Shi ne muka zo dubawa.

"Yaya, a rushe ta kawai a yi ta bulo," in ji ƙanena.

Na ce ba za a rushe ba.

Magini ya ɗauki guntun siminti ya juya shi. "Ɗana, leda ka sa ma bango. Ruwa ya shiga ta baya, ta ina zai fita?"

"Baba, ai ya yi kyau."

"Ƙwarai. Ga kyan nan a ƙasa."

Muka yi yarjejeniya. Za a yi yaɓe irin na da. In bargar ta kai kaka a tsaye a bar ta, in ta faɗi a kawo bulo.

Da farko muka kankare sauran simintin. Na biyu, aka haƙo jar ƙasa, aka zuba mata busasshiyar ciyawa da kashin jaki. Na uku shi ne takawa, kuma na ce wanda ya ɓata shi zai taka. Ƙanena ya naɗe wandon shadda ya shiga, magini na zaune a inuwa yana ce masa, "Ɗaga ƙafa, ba rawa aka ce ba." Aka bar kwaɓin ya kwana uku, sannan muka yaɓa da hannu, daga sama zuwa ƙasa. A ƙarshe aka shafa makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa mai kare bango daga ruwa, aka gyara indararo.

An yi ruwa sosai a daminar, bango bai motsa ba. Da kaka ƙanena ya zagaya bargar sau biyu, ya ce ai takawarsa ce ta riƙe ta. Ban musa ba.

Mai karatu, in akwai tsohon gini irin wannan a gidanku, kada ka kai masa siminti. Je ka wurin tsohon maginin garinku wannan makon, ka rubuta yadda ake kwaɓin, ɗaya bayan ɗaya.