Kujerar Manaja

Manaja ake ce masa, ko da yake aikinsa bai wuce riƙe makullin sito ba. Komai nasa don idon mutane ne: agogonsa ya daɗe da tsayawa, amma kullum sai ya goge shi.

Da ya ji yayan matarsa zai kawo ziyara, ya ce dole a sayi kushin da za ta burge shi. Matar, mai ɗinki a lungun falon, ta auna wurin da tef. "Mai cin mutum biyu ce za ta shiga, Baban yara."

"Biyu? Falo ne ko shagon aski?"

Ya dawo da ƙatuwa mai hannuwa ruwan zinariya. Sai da aka cire ƙofa, aka fitar da keken ɗinki waje, sannan ta shiga. Da aka mayar da ƙofar, rabi kawai take buɗuwa.

Da yayan ya iso, mutum mai tumbi, ya gwada shiga ta gefe, ya riƙe numfashi, ya haƙura. Ya zauna a waje kan kujerar keken.

Manaja ya leƙo. "Yaya, ka dai gan ta ko?"

"Na ga hannunta ɗaya."